Darasi na 9: Gida a Gindin Dutse

A yankunan Dutse, Birnin Kudu, Kazaure da Rano akwai ƙauyukan da ke jingine da duwatsu. Mutum zai ce dutsen nan tun zamanin kakansa yake nan, bai taɓa motsi ba. Gaskiya ne, amma kakan bai haƙe masa gindi ba.

Yawancin manyan duwatsun da ke zaune a gangara, ƙasa da tsakuwa ne suka tallafe su. Ruwan watan Agusta yana wanke wannan ƙasa kaɗan-kaɗan. Mu kuma muna taya shi aiki. Mai gini ya ɗebi jar ƙasa, mai amalanke ya kwashe yashi, mai fasa dutse ya cire ƙananan da suka tokare babban, don su ne masu sauƙin fasawa. Ran da aka kwana ana ruwa, sai ya gangaro kan ɗaki ko kan hanya. Haka ramin ɗibar ƙasa yake ruftawa da mutane, idan an yi ta rarake shi ta ƙasa an bar sama a rataye.

Bayan kowane ruwa mai ƙarfi, ku zaga bayan gida da rana. Kun ga sabuwar tsaga a ƙasa ko a bango? Itace ya karkata? Jan ruwa na tsatsafowa inda da babu? Tsakuwa na gangarowa ba wanda ya taɓa ta? Ko ɗaya kuka gani, a kwashe yara da tsofaffi, a kwana a gidan dangi. Kada a tsaya ɗaure kaya. A gaya wa mai unguwa, shi zai kai maganar ga dagaci da ƙaramar hukuma.

Gyaran kuwa da rani ake yin sa, da gayya. A haƙa lambatu a saman gidaje don ruwa ya kauce, a jera duwatsu a bakin kwazazzabo, a dasa jema ko gamba idan damina ta faɗi. Amma ƙaramin icen da ya tsiro cikin tsagar dutse a cire shi, saiwarsa buɗa tsagar take yi.

Babban dutse dai kada ku ce za ku ture shi da kanku.

Aikin gida: Rubuta sunayen wurare uku da ake ɗibar ƙasa a garinku. Wanne ne ya fi kusa da gidaje?