Zaɓen Jami'a Mai Yahudawa Da Yawa A Amurka Ga Ɗalibi Matsakaici

Ɗalibin da makinsa ke tsaka-tsaki ya bar wahalar da kansa kan Brandeis, jami'ar da ta yi suna da yawan ɗalibai Yahudawa amma shigarta ke da wuya. Jami'o'in Indiana, Arizona da Kansas suna karɓar mafi yawan masu nema, kuma Yahudawa ba su da kaɗan a can.

Fara da jagorar jami'o'i ta ƙungiyar ɗalibai Yahudawa ta Hillel, amma kada yawan da aka rubuta ya ruɗe ka. Kira ofishinsu ka tambayi mutum nawa ke halartar cin abincin daren Juma'a na Shabbat (ranar hutun Yahudawa). Akwai ɗakin cin abincin kosha (abincin da addinin Yahudawa ya halatta) kullum, ko sai lokacin idin Fesak (Idin Ƙetarewa)? Ana samun mutum 10 da ake buƙata kafin a yi addu'ar jam'i?

Tambayi kuma ko ana ɗaga jarrabawa ranar Yom Kippur (ranar azumi mafi tsarki ga Yahudawa), domin tana faɗowa a farkon zangon karatu.