Yadda Ake Zagayen Kallon Zanen Bango a Unguwannin Jos

Wanda yake son ya kalli zanen bango a Jos, ƙafa ce abin hawansa, domin daga cikin Keke Napep ba abin da ido yake kamawa sai gilmawar launi. Zanen garin a warwatse yake, a katangun makarantu da ƙofofin shaguna da fuskokin tsofaffin gidaje da jikin manyan motoci, saboda haka sai an taka sannu a hankali, ana tsayawa ana tambaya.

Shawarata ita ce ka fara wasa idonka a Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. A harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa a ƙarni na 19. Ka tsaya ka duba yadda magina suke fitar da ado daga jikin laka tun tana ɗanya, da yadda layi yake lanƙwasa ya shiga cikin ɗan'uwansa kamar na dagi. Wanda ya ƙoshi da kallon wannan, idan ya shiga unguwa ya ga adon siminti a saman ƙofar zaure, nan take zai gane jikan wancan aikin ne.

Daga nan sai ka zaɓi unguwa ɗaya tak a rana. Kana iya tasowa daga Taminus ka nufi wajen babban Masallacin Juma'a, ka gangara Gangare da Dilimi, wata rana kuma ka bi titin Bauchi zuwa Unguwar Rogo. Fitar safe ta fi, tsakanin ƙarfe 7 da 10, lokacin da rana take bugun bango a karkace, domin a irin wannan hasken ne adon da aka tayar yake fitar da inuwarsa, kuma ƙofofin shagunan da aka yi wa zane ba a gama buɗe su ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, don haka da hunturu kada ka bar rigar sanyi a gida. Ni na fi son damina, saboda ruwa yana wanke ƙurar bango, launi ya fito fes.

Idan ka tsaya gaban zane, ka fara kallonsa daga tsallaken hanya, sa'an nan ka matso har ka ga sawun buroshi. Fenti mai maiƙo yana sheƙi, idan ya tsufa kuma yakan tsattsage ya ɓare, na ruwa kuwa dushewa yake yi, har ya bar gari a yatsa. Aikin feshi gefensa a baje yake kamar hayaƙi, haruffan da aka yanka a kwali aka shafa kuma duk kansu ɗaya. Ja ne yake saurin kodewa a rana, saboda haka zanen da jansa ya gudu, baƙi da shuɗi suka rage, ya daɗe a wurin. Ka lura da abin da aka zana da inda aka zana shi: kawunan aski a shagon mai aski, taswirar Nijeriya da hoton zuciya a katangar firamare, rubutun Larabci da furanni a jikin Islamiyya. Kada ka raina allon mai shayi, domin sau da yawa a nan ne za ka ga hannun da ya fi kowane nutsuwa. A ƙasan kusurwa mai zanen yakan sa sunansa, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai zagaye ya nema, domin yawancin masu wannan sana'a ana wuce aikinsu kullum ba a san su ba.

Kafin ka ɗaga waya, ka yi sallama. Ka gaida dattawan da ke zaune a dakali, ka ce, "Baba, barka da hutawa, zanen nan ne ya burge ni, ko an yarda in ɗauki hotonsa?" Galibi za a ba ka izini, a haɗa maka da labarin wanda ya zana da shekarar da aka yi. Kada ka ɗauki matan gida ko yara, kada kuma ka nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro. Jos gari ne da ya sha rikici, baƙon da yake ɗaukar hoton gidaje ba bayani dole a zarge shi, don haka a unguwar da ba a san ka ba, ka nemi ɗan unguwa ya raka ka, idan zagayen mai tsawo ne kuma ka fara gaida mai unguwa.

Ka ware wata safiya domin kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, inda manyan motoci suke lodi. A bayansu za ka ga zaki da dawisu da mikiya da karin magana, sai dai ka nemi yardar direba, ka kuma kauce wa 'yan dako.

Duk zanen da ka ɗauka, ka rubuta sunan layi da kwanan wata da sunan mai zanen. Bayan wata shida ka koma, domin sabon ɗan haya yakan shafe na tsoho, lokacin zaɓe kuma fastocin 'yan takara sukan rufe katanga guda cikin dare ɗaya.