Yadda Ake Sauya Ƙafar Iska ta Marsandi S-Class da Sifirin na Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa riƙe Marsandi S-Class ƙirar W220, wato wadda kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera daga 1998 zuwa 2005, ya san irin safiyar da mutum zai fito ya tarar motarsa ta durƙusa a kan tayoyinta kamar raƙumin da ake shirin yi wa lodi. Idan aka tayar da ita sai a ji kwamfiresa yana gurnani a bayan bamba, allon gaban direba kuma ya kawo gargaɗin a kai ta gareji, wani lokaci ma da jan rubutu cewa motar ta yi ƙasa da yawa, a tsaya. Wannan ita ce matsalar ƙafar iska, wadda kamfanin ya raɗa wa suna Airmatic, kuma da yake mafi ƙuruciya a cikin waɗannan motoci ta kai kimanin shekara 20, da wuya a sami wadda ba ta fara nuna alamar gajiya ba.

A wannan mota, kowace taya tana da shakazoba wadda aka lulluɓe samanta da jakar roba mai ɗauke da matsattsiyar iska, kuma wannan jakar ce ke ɗaukar nauyin motar a madadin sifirin. Kwamfiresa yana tura iska ta siraran tiyo zuwa wani akwatin bawul da ke raba ta ga ƙafafun huɗu, na'urorin auna tsayi guda 3, biyu a gaba ɗaya a baya, suna sanar da kwamfutar motar inda jikinta yake, ita kuma tana ƙara iska ko ta rage. Robar tana tsattsagewa ne a daidai inda take naɗewa, kuma zafin rana da ƙurar hunturu da ramukan hanyoyinmu suna gaggauta hakan. Da zarar jaka ɗaya ta fara yoyo, kwamfiresa zai riƙa aiki ba hutu don ya cike gurbin abin da ke zurarewa, har ya ƙone, shi ya sa mai motar da ya yi sakaci da ƙafa ɗaya yakan wayi gari da ɓarna biyu.

Kafin a yanke shawarar cire komai, wajibi ne a tabbatar da abin da ya lalace, domin sau da yawa rilen kwamfiresa ne ya maƙale, ko fiyus ya ƙone, ko tiyo ya tsage a bakin mahaɗarsa, kuma waɗannan duka gyara ne mai sauƙin kuɗi. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri da yamma, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, a rubuta, sannan a sake aunawa da safe. Idan kusurwa ɗaya ce ta sauka, to jakar wannan kusurwar ce ko tiyonta. Idan duka ne suka sauka tare, sai a fi zargin akwatin bawul. Ruwan sabulu da aka fesa a saman ƙafar gaba, a ƙarƙashin murfin inji, yana tona asirin yoyo nan take, domin kumfa zai taso. A ganina, motar da ƙafa ɗaya ce kawai ta mutu mata alhali kwamfiresanta na da ƙarfi, gara a saya mata ƙafar iska mai kyau a ci gaba da morar ta. Sauyawa zuwa ƙarfe yana da ma'ana ne ga wanda ƙafafunsa biyu ko uku suka gaji, kwamfiresa ya raunana, kuma yana yawan doguwar tafiya zuwa inda babu bakaniken da ya san wannan tsari, domin sifirin ba ya sacewa a tsakar daji tsakanin Zariya da Funtuwa.

Ya kamata mai mota ya san abin da zai rasa. Maɓallin da ke ɗaga motar da kimanin santimita 2 don tsallake tudun rage gudu ko shiga rariya zai daina aiki, haka ma maɓallin da ke tsaurara shakazoba ko ya sassauta ta. Motar ba za ta ƙara daidaita kanta ba idan an cika but da kaya aka kuma zaunar da manya uku a baya, don haka bayanta zai ɗan sauka kamar na kowace mota. Laushin tafiyar ma zai ragu, ko da yake idan kayan masu kyau ne, ba kowane fasinja zai lura ba.

Zaɓen kaya shi ne inda aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Akwai kamfanoni, irin su Arnott da Strutmasters na Amurka, da ke ƙera cikakken saiti na ƙafafu huɗu musamman don wannan mota, inda sifirin yake zuwa a haɗe da shakazobarsa, an lissafa taurinsa daidai da nauyin motar da ya doshi tan 2. Kafin a biya kuɗi, a duba abu biyu da lambar shasi. Na farko, a tabbatar Airmatic ce, domin S600 da S55 AMG, da wasu da aka ƙara musu shi bisa buƙatar mai saye, suna amfani da wani tsari daban mai suna ABC, wanda mai ne ke ɗaga shi ba iska ba, kuma famfonsa a haɗe yake da na sitiyari, saboda haka kayansa da aikinsa daban ne. Na biyu, a duba ko motar 4Matic ce mai jan tayoyi huɗu, domin ƙafarta ta gaba ba iri ɗaya ba ce da ta mai jan baya kaɗai, kuma ba za su shiga gurbin juna ba.

Akwai kuma irin da ake kira koyiloba, wadda jikin shakazobarta ke da zare kamar na noti, ta yadda za a iya ɗaga kujerar sifirin ko a sauke ta don a sami tsayin da ake so. Galibinsu an yi su ne don masu son motarsu ta yi ƙasa ta kuma yi tauri a kwana, abin da ya dace da titunan Jamus, amma a hanyar da ramuka suka cinye sai su mayar da S-Class tamkar amalanke. Zaren kuma yana cikewa da ƙasa da tsatsa har ya ƙi juyawa idan ba a kula da shi. Wanda ya nace a kansu ya nemi mai laushi, ya saita ta a tsayin da kamfani ya ba motar ko sama da shi kaɗan.

Abin da zan yi gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne haɗe-haɗen da wasu ke yi, inda ake yanke jakar iskar, a kai wa mai walda ya liƙa faranti a jikin tsohuwar shakazoba, sannan a ɗora sifirin ɗin wata mota da aka tsinto a kasuwar kayan gyara. Kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suna da kaya masu kyau ga wanda ya san abin da yake nema, amma sifirin da aka yi wa wata mota ba a auna shi da nauyin wannan ba. Idan ya yi laushi motar za ta riƙa dukan ƙasa, idan ya yi tauri tayoyin za su riƙa tsalle su rabu da kwalta a daidai lokacin da ake taka birki. Ga shi kuma walda a jikin shakazoba mai mai da gas a ciki haɗari ne tun a wurin yin ta. Arha ba ta ado, balle a abin da ke riƙe da ran mutum a gudun kilomita 120.

Idan kaya sun iso, a tanadi jak mai ƙarfi, da matokaran ƙarfe guda 4, da saitin sifana, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da man kwance tsatsa. Motar da ta riga ta durƙusa jak ba ya shiga ƙarƙashinta, sai an hau da ita kan katakai masu kauri tukuna. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota mai ƙafar iska sai tana kan matokara, domin tana iya sauka a cikin daƙiƙa kaɗan. A cire kan batir, wanda a wannan mota yake cikin but, don kada kwamfiresa ya tashi ana tsakiyar aiki.

A fara da gaba, kuma a ɗaga ɓangarorin biyu tare, domin idan aka ɗaga ɗaya kawai, sandar da ke haɗa hagu da dama don hana tangaɗi za ta riƙe hannun ƙafar ta hana shi sauka. Bayan an cire taya, a zare fulogin wayar da ke shiga jikin shakazoba, sannan a koma ƙarƙashin murfin inji a sassauta mahaɗar tiyon iska sannu a hankali, a bar iskar ta gama fita da kanta kafin a cire shi gaba ɗaya. Daga nan a kwance ɗaurin ƙasa, inda ƙafar ke zaune a kan hannun ƙarfe, sannan notuna 3 na sama, wani yana riƙe da ita don kada ta faɗo. A nan ne masu gaggawa suke yin ɓarna: tsohuwar ƙafar da iskarta ta fita tana lanƙwashewa ta fito cikin sauƙi, sabuwar kuwa tana nan a miƙe da cikakken tsayinta, ba ta matsuwa da hannu, don haka dole a danna hannun ƙarfen ƙasa sosai, wani lokaci ma sai an saki mahaɗar hannun sama. Yayin da ake haka a tallafe cibiyar taya, a kuma sa ido kan tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, kada a ja su fiye da ƙima, a saki 'yar sandar da ke jikin na'urar auna tsayi kada ta karye. Notin tsakiya da ke saman sabuwar ƙafar kuwa, kada a taɓa shi ko kusa, domin shi ne ke riƙe da matsattsen sifirin.

Na baya ya fi cin lokaci saboda notunan sama suna ɓoye ne a ƙarƙashin allon da ke tsakanin kujerar baya da gilashi, sai an yi haƙuri an kwance kayan cikin motar ba tare da an karya maƙalansu ba. Sauran aikin iri ɗaya ne da na gaba.

Duk wani ƙusa da ya ratsa ta cikin bushin na roba, a ɗaure shi sama-sama kawai yayin da motar take a rataye, sai an sauke ta nauyinta ya hau kan tayoyi sannan a ƙarasa ɗaurin daidai da awon da takardar kayan ta faɗa. Idan aka ɗaure shi tana sama, robar za ta zauna a murɗe, kuma cikin 'yan watanni za ta yage a fara jin ƙara. Tun da an riga an buɗe wurin, wannan ne lokacin duba sauran bushin da mahaɗun hannaye, domin W220 ta yi suna wajen cin su, kuma sabon sifirin a kan gajiyayyun hannaye ba zai ba da tafiyar da ake nema ba.

Saura ɓangaren wuta, wanda da yawa suke mantawa da shi. Kwamfutar ƙafar tana nan da ranta, kuma da zarar ta nemi bawul ɗin shakazoba ta rasa, za ta riƙa kawo gargaɗi duk lokacin da aka kunna mota. A cire fiyus da rilen kwamfiresa don kada ya riƙa hura iska a banza, sannan a haɗa 'yar na'urar da saiti masu kyau ke zuwa da ita, wadda aikinta shi ne kashe wannan gargaɗin, bisa umarnin da ke cikin kwalin. Idan saitin bai zo da ita ba, a nemi mai gyaran wutar mota da ke da kwamfutar binciken Marsandi, kada a bari a yi ta yanke wayoyi bisa kintace. Barin gargaɗin yana da illa, domin direban da ya saba ganin rubutu a allo kullum ba zai kula ba ranar da na birki ko na zafin inji ya fito. Na'urorin auna tsayi kuwa a mayar da su inda suke, domin a motoci masu fitilar zinon, wato fitilar gaba mai farin haske mai ƙarfi, da bayanansu ake daidaita hasken fitila don kada ya kashe wa mai tahowa ido. Bayan an mayar da batir, a tayar da inji a juya sitiyari har ƙarshen hagu da ƙarshen dama don fitilar gargaɗin ESP, wato na'urar da ke hana mota sulɓewa, ta mutu, a kuma sake saita gilasan ƙofofi.

Masu Range Rover ƙirar P38 da L322 ma suna yin irin wannan sauyi, kuma ƙa'idojin ɗaya ne, sai dai su asararsu ta fi yawa, tun da ɗagawa don shiga daji da saukowa don fasinja ya hau suna cikin abin da ya sa ake sayen motar.

A kwanakin farko motar za ta iya yin kamar ta fi tsayi, wannan ba abin damuwa ba ne, domin sabon sifirin yana ɗan zama bayan an yi tafiya da shi. A yi mako ɗaya ko biyu ana hawa a hankali, ana sauraron ko akwai ƙara, sannan a sake auna kusurwoyin huɗu, a tabbatar hagu da dama sun yi daidai, a sake bin notunan da sifana. Sai bayan haka za a kai ta saitin tayoyi a wurin da ke da na'urar yin ƙafa huɗu, domin canjin tsayi yana canza yadda taya ke zama a ƙasa, kuma wanda ya tsallake wannan mataki zai ga cikin tayoyinsa ya cinye kafin a je ko'ina. Tiyoyin iskar da aka cire a toshe bakinsu da kyau a ɗaure su a gefe, kwamfiresa da akwatin bawul kuma a bar su a mazauninsu, tsofaffin ƙafafun a adana su a inuwa. Ranar da za a sayar da motar a gaya wa mai saye gaskiyar abin da aka yi, a miƙa masa kayan, domin akwai masu neman S-Class da ba za su taya ta ba sai sun san ana iya mayar mata da iskarta.