Yadda Ake Juyen Baƙin Mai a Toyota Camry

Camry ta 2007 mai injin 2.4 tana shan lita 4.3 idan an canza filta, don haka galan mai lita 4 ba ya isa. A sayo ƙarin lita ɗaya.

Da farko ka tayar da motar na minti biyar, mai ya yi ɗumi. Kashe ta, ɗaga da jak, ka tokare ta da kyau. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota kana dogaro da jak kaɗai.

Tara roba, kwance notin juye mai na ƙasan inji da sifana 14, bar man ya tsiyaye sarai. Kwance tsohuwar filta, shafa sabon mai a bakin robar sabuwar filta, ka ɗaure da hannu. Mayar da noti, zuba mai, tayar da inji, ka kashe, sannan ka duba sandar awo.

Lokacin ƙurar hunturu, ni ba na wuce kilomita 5,000 ban yi juye ba.