Yadda Ake Zaɓar Kayan Ɗaukar Waƙa na Kwamfuta a Gida

Duk wanda ya yi niyyar mayar da ɗaki ɗaya na gidansa situdiyo a Sakkwato, kafin ya taɓa aljihunsa ya kamata ya shiga ɗakin da azahar, ya rufe ƙofa da taga, ya kasa kunne. Ƙugin janaretan maƙwabta, da hon ɗin 'yan kabu-kabu, da zufar da za ta karyo masa cikin minti biyar, su ne za su nuna masa kayan da suka dace da shi.

A wajen kwamfuta, ni dai na fi karkata ga laftof, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar baiti, batirinta zai riƙe aikin har a adana shi. A nemi mai RAM, wato wurin da take riƙe aikin da ake kan yi, aƙalla 8GB, in da hali 16GB, kuma ma'ajiyarta ta kasance SSD, nau'in ma'ajiya mai sauri. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, fankar cikin laftof sai ta yi ta ruri, don haka a ɗora laftof ɗin inda iska ke ratsa ƙarƙashinta, nesa da bakin mawaƙi, a kuma riƙa kakkaɓe mata ƙurar hunturu.

Daga nan sai akwatin sauti, wanda masu sana'ar ke kira sawun kad. Shi ne ke karɓar murya daga makirufo ya miƙa wa kwamfuta ta wayar USB. Mai ƙofa biyu irin Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD ya wadatar, tunda za a iya ɗaukar mawaƙi da mai kalangu a lokaci guda. A tabbatar yana da maɓallin 48V, wato wutar da wasu makirufo ke buƙata kafin su yi aiki, sannan yana da direbansa na ASIO, ƙaramar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, domin in babu shi murya takan dawo wa mawaƙi a makare cikin kunne, har ta kawar da shi daga kan kiɗa. Lokacin ɗauka a sa bafa, wato saitin da ke ƙayyade yawan wannan jinkiri, a kan 128 ko 256.

Makirufo ne inda aka fi yin asarar kuɗi, kuma a nan nake so a tsaya a yi tunani. Nau'in kondensa, kamar Audio-Technica AT2020, yana fito da murya tangaran, amma kunnensa ya cika kaifi, komai ya gifta sai ya kwasa. Na taɓa zama da wani matashi a Mabera da ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi irinsa; ya rera baitinsa da kyau ƙwarai, da muka saurara sai ga injin markaɗen unguwa yana gunji a ƙarƙashin muryar daga farko har ƙarshe, dole aka share. Nau'in dainamik, irin Shure SM58, abin da ke gabansa ya fi ji, ba ya buƙatar 48V, yana kuma jure dukan kotso da kalangu. Matuƙar ba a lulluɓe bangon ɗaki da soso ko labule mai kauri ba, shi ne zaɓina.

Hedfon ya zama mai rufaffen baya, don kada kiɗa ya tsiyaya cikin makirufo. Sifikun situdiyo suna iya jira.

Manhaja kuwa, masu haɗa kiɗa sun fi sabawa da FL Studio da Cubase, Reaper na da lasisin dala 60, Audacity kuma kyauta ce. A saitin ingancin sauti na manhajar, a ɗauka a kan 24-bit, da 48kHz idan waƙar za ta hau bidiyo.

Saura wuta. A sayi sitabilaiza tun farko, kuma idan aka ji wani zuuu yana bin murya alhali ana kan janareta, a zare cajar laftof a ci gaba da batiri, sau da yawa nan take yake ɗaukewa.