Darasi na 6: Daga Inda Ya Yi Yawa Zuwa Inda Ya Yi Ƙaranci

Ku samo kofin gilashi biyu, ɗaya da ruwan randa, ɗaya da ruwan zafi. Ku jefa zoɓo biyu-biyu a ciki, irin wanda ake aunawa a kasuwar Tudun Wada. Kada kowa ya sa cokali.

Ku zuba ido. Jan zai fara taruwa a jikin zoɓon, sannu a hankali ya bazu har ruwan ya rine. Na ruwan zafi zai riga ɗan'uwansa, domin zafi na ƙara wa ƙwayoyin launin motsi. Ba wanda ya tura su. Da kansu suke barin inda suka cunkushe su nufi inda babu su. Wannan ake kira bazuwa.

Haka abin yake a jikinmu. Jiki an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da fatarta, shimfiɗa biyu ta maiƙo. Siririya ce ƙwarai: sai an jera wajen 100,000 kafin a sami kaurin milimita ɗaya. Iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, tana ratsa wannan fata ba sallama. A huhu tana da yawa, a jinin da ya dawo daga jiki ta yi ƙaranci, sai ta tsallaka. Gurɓatacciyar iskar da jiki ya tara kuwa ta bi hanyar ta fito. Jiki ba ya kashe ƙarfi ko kaɗan a kan wannan. Gishiri da sukari su ba sa iya ratsa maiƙon, sai ta ƙofofi na musamman.

To, ga inda gizo ke saƙa. Fatar nan ba ta tantance mai amfani da mai cutarwa. Lokacin hunturun Zariya, wasu kan shigar da kaskon gawayi ɗaki su toshe taga da tsumma. Gawayin na fitar da wata iska mai guba, ba launi ba wari, wadda ke ratsawa kamar oksijin, kuma jini ya fi riƙe ta a kan oksijin fiye da sau 200. Alamar farko ciwon kai da jiri. Mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Hayaƙin janareta ma haka. A fitar da kasko tsakar gida kafin a kwanta, janareta kuma a ajiye shi nesa da taga.

Aikin gida: ku maimaita gwajin zoɓon, ku duba agogo, ku rubuta minti nawa kowane kofi ya ɗauka kafin ya rine.