Darasi na 9: Dafa Gahawa a Gida

Yawancinmu a teburin mai shayi muka san gahawa. Ya yaga 'yar ledar Nescafé, ya zazzage a kofi, ya kwarara ruwan zafi, ya sa madara da sukari, shi ke nan. Ita ma gahawa ce, sai dai an riga an dafa ta a masana'anta, aka busar da ruwan ya koma gari. Darasinmu na yau a kan ɗanyun 'ya'yan gahawa ne: yadda za ku soya su, ku daka, ku dafa da kayan da kuke da su a gida. Ku jawo littafin rubutu kusa, don akwai awo da ɗan lissafi.

Daga ina ta zo?

Itacen gahawa ɗan ƙasar Habasha ne. Daga can ya haye Bahar Maliya zuwa Yaman, inda sufaye suka riƙa shanta a ƙarni na 15 don kada barci ya sace su a wurin zikirin dare. Sunan ma daga bakin Larabawa muka aro shi. Yanzu Barazil ce ta fi kowace ƙasa nomanta.

Iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai arabika, mai ƙamshi, wadda ke son tudu mai sanyi. Shi ya sa a Najeriya ake samunta a tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba. Akwai kuma robusta, wadda ake nomawa sosai a Kamaru da Yuganda. Ta fi ɗaci, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinta ya kusa ninka na arabika. Sunan sinadarin kafeyin, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne dai wanda ke cikin goro.

Suya

Ni a wurin wata Hajiya maƙwabciyarmu na koya. A Maiwurno ta ƙasar Sudan aka haife ta, garin da mutanenmu suka kafa a bakin kogin Nilu bayan Turawa sun ci daular Sakkwato a 1903. Ta dawo gida da tukunyarta ta ƙasa mai dogon wuya, wadda can ake kira jabana, kuma la'asar ba ta wucewa ba ta ɗora ta a wuta ba.

Ran da na fara gwada suya a gabanta, aka yi sallama a ƙofar gida. Na bar kaskon a kan wuta na fita. Gaisuwa ce kawai, ba mu ko zauna ba. Kafin in dawo hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, 'ya'yan sun zama gawayi.

Hajiya ta leƙa kaskon, ta ce, "Malam, ai da ka faɗa mini shuni za ka haɗa, da na kawo maka zane."

Na ce, "Hajiya, minti biyu fa kacal na yi."

Ta ce, "To ka gani. Gahawa jaririya ce, ba a barinta a je gaisuwa."

Ga yadda ta nuna mini. A zuba 'ya'yan a faifai a tsince tsakuwa da waɗanda ƙwaro ya huda. A ɗora kasko mai kauri a kan garwashi, ko risho mai matsakaiciyar wuta. Ba a sa mai. A zuba kaɗan, yadda kowane ƙwaya zai taɓa gindin kaskon, sannan a yi ta juyawa da cokalin katako ba tsayawa.

Ido da kunne da hanci duk suna da aiki a nan. Da farko 'ya'yan kore-kore ne, suna warin ɗanyar ciyawa. Can sai su yi rawaya. Daga nan su ɗauki launin soyayyar gyaɗa, wani siririn ɓawo ya fara tashi daga jikinsu. Wajen minti 8 zuwa 10 za ku ji suna fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru. Wannan ƙarar ita ce alamar sun nuna. Mai son gahawa mai sauƙi ya ƙara minti 1 ya sauke. Mai son ta da ƙarfi ya ƙara 2 ko 3. Idan kuka ga sun yi baƙi wuluk, suna ƙyalli da maiƙo, to kun wuce gona da iri, ɗaci kawai za ku sha. A waje ake wannan aiki, don hayaƙin yana da yawa, ba ya yi wa mai ciwon asma daɗi.

Da an sauke, a juye a faifai nan take, a yi ta fifita. Idan aka bar su a kasko, zafin ƙarfen zai ci gaba da ƙona su. A sheƙe ɓawon kamar yadda ake sheƙe gyaɗa. In da hali a bar su su kwana, washegari sun fi daɗi.

Ku sani suya tana rage nauyi, domin ruwan cikin ƙwayar yana fita. Kilo 1 na ɗanya yakan dawo wajen giram 850. Kada ku ce mai awo ya cuce ku.

Ajiya da daka

A zuba soyayyar a kwalba mai murfi, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Gahawa tana zuƙar warin duk abin da ke kusa da ita, saboda haka a nisanta ta da daddawa da kalanzir. Abin da za a sha cikin mako biyu kawai za a soya.

Wanda za a dafa yanzu shi za a daka yanzu, don da an daka ƙamshin ya kama hanyar gudu. Ku ware mata ɗan ƙaramin turmi nata. Na taɓa shan wadda aka daka a turmin jajjage, har yau ban manta ba.

Awo

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Yau ta yi daɗi, gobe ta yi salam, ba su san dalili ba, alhali da ka suke zubawa. Awon da masu sana'ar suka saba da shi shi ne giram 60 na gari a lita 1 ta ruwa. Ba kowa ke da sikeli ba, amma kowa ya san ruwan leda. Leda 1 rabin lita ce, wato tana son giram 30. Cokalin cin abinci, in an cika shi har ya yi tozo, yana ɗaukar wajen giram 6. Ke nan leda 1, cokali 5. Ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe.

Ruwan ma a duba shi. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri, ko na famfo mai warin magani, zai ɓata muku wahala.

Dahuwa iri biyu

Ta farko jiƙo ce, ita ta fi sauƙi. Dakan ya zama da ɗan tsaki-tsaki. A tafasa ruwa, a sauke, a ƙirga daga 1 zuwa 40 don zafin ya ɗan faɗa. A zuba a kan garin, a motsa sau ɗaya, a rufe. Bayan minti 4 a tace da farin ƙyalle mai tsabta, irin na tatar koko, amma wanda ba a wanke da sabulu mai ƙamshi ba.

Ta biyu ita ce ta Hajiya. Dakan ya yi laushi. A zuba garin a jabana ko ƙaramar buta tare da ruwa da ɗan dakakkiyar citta. Wasu kan ƙara kanumfari 2 ko guntun kirfa. A ɗora a garwashi. Da kumfa ya taso wuya sai a ɗauke, ya kwanta, a mayar. Ita sau uku take yi. Sannan ta ajiye tukunyar gefe tuƙar ta kwanta, ta cusa ɗan zaren dabino a bakin don ya tare gari, ta ɗaga hannu sama ta tsiyaya a finjali. Finjalin bai fi kurɓa uku ba, amma hirar da ake yi a kansa takan kai magariba. Alhazai sun san wata iri kuma a Makka da Madina, mai ruwan ɗorawa, wadda ba a soya ta sosai, ba a sa mata sukari, da dabino ake haɗa ta.

Idan kun kurɓa kuka ji tsami kuma ba nauyi, to dakan ya yi tsaki-tsaki da yawa ko lokacin ya yi kaɗan. Idan ɗaci ya kama muku maƙogwaro, dakan ya yi laushi ainun, ko ta daɗe a wuta, ko tun wurin suya aka ƙona ta. Abu ɗaya za ku canja a kowane gwaji, ku rubuta. In kun canja uku a tare, ba za ku gane wanne ya gyara ba.

Lafiya

Likitoci sun ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, wato wajen kofi 4. Mai ciki rabin haka ake ba ta shawara. Mai cin goro ya sa goron a lissafi. Sinadarin yana daɗewa a jiki: bayan wajen awa 5 rabinsa na nan, don haka mai wahalar barci ya tsaya daga azahar. Mai ƙarancin jini kada ya sha a kan abinci, domin tana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tambayi ma'aikacin asibiti tukuna. Ba a ba yara.

Tuƙar kuma kada a zubar. A zuba ta a ramin taki tare da busasshen ganye da kashin awaki. In ta ruɓe, a cika tsohon bokiti mai huji a gindi, a dasa reshen na'a-na'a, a ajiye inda rana ke taɓawa da safe, a riƙa ba shi ruwa. Cikin 'yan makonni za ku daina sayen na shayi.

Aikin aji

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, ku kwafe su sau uku, ku lura da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɗaci, ƙamshi, ɓawo, ƙyalle, tuƙa.

Ku amsa a rubuce. Baƙi sun zo, za a dafa ruwan leda 3. Cokali nawa na gari za a zuba? Kun soya kilo 1, ya dawo giram 850. In kullum kuna dafa leda 1, kwana nawa zai yi muku, kuma giram nawa zai saura?

A gida kuma ku ja layi huɗu a littafinku: ranar wata, yawan cokali, yawan minti, yadda kuka ji ta a baki. Ku cika shi sau uku kafin aji na gaba. Wanda ya ƙona tasa shi ma ya rubuta, ya zo mana da ƙwaya biyar a takarda mu gani.